Wa Ke Riƙe da Makullin Sutudiyonka?

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin haɗa waƙa a Alsawra, ko a Umbadda, ko can Mayo a kudancin Khartum, ya san fasalinsa. Ɗaki ɗaya ne, an manna soso a bango, ga makirufo guda, ga piyano, ga laftof a kan tebur. Ka tambayi mai ɗakin abin da ke cikin laftof ɗin, amsar ba ta canzawa: Windows da ba a saya ba, FL Studio da aka fasa, Cubase da aka fasa, Adobe Audition da aka fasa. Mai gyara a kasuwa ne ya loda masa su gaba ɗaya, ya karɓi ladan aikinsa, ya kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya bar su su sha intanet. A haka ake tallan rediyo, a haka ake waƙar biki, a haka ake naɗar bege da wa'azi.

Yanzu da mutane ke komawa gidajensu bayan sojoji sun karɓe Khartum a watan Maris na 2025, samari da yawa za su sake haɗa irin waɗannan ɗakuna daga tushe, wasu da laftof ɗin da ya tsira daga wawashe, wasu da na hannu da ɗan'uwa ya aiko daga Saudiyya ko Masar. Maganata da su nake. Ɗan'uwa, kada ka koma gidan jiya. Ka sa Linux a laftof ɗinka, ka koyi buɗaɗɗun manhajojin sauti, ka riƙe makullin ɗakinka a aljihunka. Na san akwai masu jin wannan magana kamar an ce su bar tuwo su koma cin ganye. Su ma zan zo kansu.

Bari mu fara da bayanin abin da ake jayayya a kai, don mai karatun da bai saba ba. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wadda sauran manhajoji ke hawa kanta. Windows ta kamfanin Microsoft ce, macOS ta Apple ce. Rubutun da aka gina su da shi a kulle yake, kuma kuɗin da ka biya na izinin amfani ne kawai, bisa sharuɗɗan mai kaya. Linux kuwa wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara ta a 1991, aka haɗa ta da aikin GNU da Richard Stallman ya soma a 1983. Lasisinta ya halatta wa kowa ya yi amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kwafa ya raba wa wanda ya ga dama. Wato idan ka zuba ta a fulash ka ba maƙwabcinka, ba ka saci komai ba, abin da masu ita suka ce a yi ka yi.

Ba zan zagi magabatanmu a wannan sana'a ba don sun rungumi fasassun manhajoji. Suna da uzuri. A watan Nuwamba na 1997 gwamnatin Bill Clinton ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki. Kusan shekara ashirin, har zuwa 2017, kamfanonin Amurka ba su da damar yin harka da mu yadda suke yi da sauran duniya, in ban da ɗan sassaucin da aka yi a Fabrairu na 2015 kan kayan sadarwa. Ko kana da kuɗin, babu katin bankin da za ka biya da shi. Sunan ƙasar bai fita daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci ba sai Disamba na 2020. Wata biyu bayan haka aka karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga fam 55 zuwa 375 a farashin hukuma. Mutumin da aka rufe wa ƙofa ya shiga ta taga, ba a cika tsananta masa ba.

Sai dai darasin da ya kamata mu ɗauka daga waɗannan shekaru ashirin shi ne muka ƙi ɗauka. An nuna mana ƙarara cewa kayan aikin da ke buƙatar izinin wani, ana iya hana mu shi da sa hannu guda a wani ofis da ba mu taɓa gani ba. Maimakon mu nemi kayan da ba ya buƙatar izini, sai muka ƙware a satar wanda ke buƙata, muka tarbiyyantar da yaranmu a kansa, har suka zama ba su iya komai ba sai shi. Kamfanin da ya ƙi sayar mana, mu muka zama masu yi masa talla kyauta. Kuma kada wani ya ce zamanin takunkumi ya wuce. A watan Mayu na 2025 Amurka ta sake sanar da wani sabo a kan Sudan. Siyasar duniya ba ta tambayar mai sutudiyo a Alsawra kafin ta juya.

Dubi abin da ya sami waɗanda suka saya da kuɗinsu ma. Tun 2013 Adobe ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sayarwa ta dindindin, ya koma haya wata-wata. A Oktoba na 2019 ya sanar da mutanen Benezuwela cewa zai rufe asusunsu baki ɗaya saboda umarnin shugaban Amurka. Daga baya an janye, amma saƙon ya isa: ka biya, ka bi doka, kuma a wayi gari a ce ka kwashe kayanka. Steinberg, masu Cubase, sun shafe shekaru suna tilasta wa mutane ɗaura wani ɗan makulli a jikin kwamfuta kafin manhajar ta buɗe, sannan a 2025 suka rufe tsarin da ke kula da wannan makulli. Microsoft kuma ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga wanda ya shiga wani shiri mai wa'adi. Windows 11 da aka ce a koma tana neman kwamfutar da ke da na'urar tsaro ta TPM 2.0 da injin Intel zubi na takwas zuwa sama. Je ka duba laftof ɗin hannu da ke yawo a kasuwannin Umdurman ka ƙirga nawa ne suka cika wannan sharaɗi. Lafiyarsu ƙalau, suna iya naɗar murya da kiɗa na shekaru masu zuwa, amma an yanke musu hukuncin tsufa daga nesa.

Ga kuma matsalar da ta fi kusa da mu. Manhajar haya tana son ta riƙa leƙa intanet lokaci-lokaci don ta tabbatar ka biya. Mu kuwa mun san yadda intanet take a ƙasar nan. An katse ta fiye da wata guda bayan 3 ga Yuni, 2019. An sake katsewa makonni bayan juyin mulkin 25 ga Oktoba, 2021. A Fabrairu na 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka mutu kusan lokaci guda. Wanda zai gina sana'arsa a kan manhajar da ke neman izini ta waya a irin wannan ƙasa, ya gina ɗaki a bakin Nilu lokacin cikowa.

A nan ne mai fasasshiyar manhaja zai yi murmushi ya ce, ai duk wannan bai shafe shi ba, tasa ba ta neman lasisi, ba ta neman intanet, kyauta ce kamar Linux ɗin da nake kurantawa. To malam, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɓata dare da rana ya fasa manhajar dala ɗaruruwa ya saka maka a intanet, ka taɓa tambayar kanka me yake ci? A 2019 masu binciken kamfanin tsaro na ESET sun bankaɗo wata muguwar manhaja da suka kira LoudMiner, wadda aka ɓoye musamman a cikin fasassun manhajojin kiɗa. Kana can kana haɗa waƙa, ita tana ƙasa tana amfani da ƙarfin kwamfutarka tana haƙo wa wani kuɗin intanet. An zaɓi masu kiɗa da gangan, don sun saba jin kwamfuta ta yi zafi tana nishi, ba za su yi zargi ba. Abin dariyar shi ne, ɓarayin sun yi wannan aiki ne ta hanyar ɓoye wata 'yar ƙaramar Linux a cikin kwamfutar. Ashe ɓarawon ya san darajar abin da kake rainawa. A garin da wuta ke zuwa ta tafi, ana lallaɓa batir da sola, kai ne ke biyan kuɗin wutar wani.

Bayan haka akwai maganar da ba mu son a yi. Babu mawaƙin Hausa, daga Umdurman har Kano, da bai taɓa kuka da masu tura waƙa a waya ba, waɗanda ke sayar da gumin mutum ba tare da sisinsa ya shigo ba. Muna kiran abin zalunci, kuma zalunci ne. To da wane baki za mu faɗa, alhali waƙar da aka sace mana da kayan sata muka haɗa ta? Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Lokacin da babu mafita, ana iya fakewa da lalura. Yau ga halal a ajiye kyauta, mai ita na cewa ɗauki. Lalurar ta ƙare.

Yanzu ga hujjojin masu adawa, ɗaya bayan ɗaya.

Suna cewa Linux ta injiniyoyi ce, sai wanda ya iya rubuta umarni a baƙin allo. Wannan labarin shekara ashirin da suka wuce ne. Wayar Android da ke hannunka a kan zuciyar Linux take tafiya. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya ƙaddamar a 2004, da linzami ake sarrafa ta kamar kowace kwamfuta, kuma tana jin Larabci. Tun 2007 akwai reshenta na masu sauti da hoto, Ubuntu Studio, wanda ke zuwa da kayan aikinsa a ciki. Yaron da ya iya bin matakai goma sha biyu na fasa Cubase, ya kashe mai gadin kwamfuta, ya kwafi wannan fayil ya liƙa a can, shi ne za a ce ba zai iya sa Ubuntu Studio ba? Raini ne kawai.

Suna cewa babu kayan aiki. Ga Ardour, wadda Paul Davis ya fara, tana naɗar layukan sauti da yawa, tana gauraya, tana tacewa, aikin da ake nema a wurin Cubase. Ga Audacity, wadda ta fito tun 2000, ta ishi duk mai shirin rediyo yanka hira da share hayaniya. Ga LMMS ga wanda hannunsa ya saba da salon FL Studio na jera kiɗa a akwatuna. Ga Hydrogen ta ganguna, wadda za ka iya naɗar kalangu da dalluka da kanka, bugu ɗaya-ɗaya, ka gina naka jerin gangunan, maimakon ka yi ta cusa gangar Turawa a waƙar Hausa. Ga Surge XT da ZynAddSubFX, masu ba ka damar saita muryoyin kiɗa yadda kunnenka ya saba, ba dole sai yadda piyanon Turai ya yanka ba. Ga Mixxx ta masu juya waƙa a biki, ga Rivendell da tashoshin rediyo ke jera shirye-shirye da ita.

Suna cewa ina Auto-Tune, alhali waƙar Hausa ta zamani ba ta tafiya sai da gyaran murya? Gaskiya ne kamfanin Antares bai yi wa Linux nasa ba. Amma akwai x42 Autotune, da aka gina kan aikin Fons Adriaensen, tana jan murya zuwa kan layi, kuma kana iya zaɓar mata muryoyi biyar ɗin da kiɗan Sudan ke tafiya a kansu ka kashe sauran. Wanda kuma ya sayi wata manhajar Windows da kuɗinsa yana son ta, akwai gadar da ake kira yabridge da ke ɗora da yawa daga cikinsu a kan Linux. Ban ce duka za su yi ba. Wasu za su ƙi, musamman masu makulli mai tsauri. Ban kuma ce FL Studio tana da zubin Linux ba, ba ta da shi. Abin da na ce shi ne, waƙar biki, da tallan shago, da shirin rediyo, da karatun malam, babu wanda zai gagara.

Suna cewa sauti na makara. Wannan lissafi ne, ba ra'ayi ba. Idan ka saita ma'ajin sauti a 128 kana naɗa a 48,000, jinkirin kowane zubi bai kai kashi uku cikin dubu na daƙiƙa ba, kwatankwacin lokacin da murya ke ɗauka ta yi tafiyar mita guda a iska. Tsarin JACK ya daɗe yana wannan aiki, PipeWire ya zo ya sauƙaƙa shi, kuma tun zubi na 6.12 a ƙarshen 2024 aka shigar da gyaran aiki-nan-take cikin zuciyar Linux kanta. Akwatunan sauti na USB da suka bi ƙa'idar bai-ɗaya, irin su Behringer UMC da Focusrite Scarlett, kana soka su suke kamawa, ba sai ka nemo direba ba.

Suna cewa abokan aikinmu na Kano da Kaduna duk FL Studio suke, ya za mu yi musayar aiki? Yadda ƙwararru ke yi a ko'ina: ka fitar da kowane layi daban a matsayin WAV, murya daban, ganga daban, piyano daban, ka aika. Kowace manhaja a duniya tana buɗe WAV.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce wannan: ai buɗaɗɗun manhajojin ma takunkumi ya taɓa su, don a Janairu na 2010 shafin SourceForge, inda ake ajiye dubbansu, ya toshe Sudan tare da Iran da Siriya da Kuba da Koriya ta Arewa. Haka aka yi. Amma duba bambancin. An toshe shago guda, ba a ƙwace kayan ba. Duk wanda ke da kwafi a Alƙahira ko Jidda ko Kano yana da cikakken haƙƙin ya ba ka, kai ma ka ba wani, kuma manhajar ba za ta taɓa tambayarka daga wace ƙasa kake ba. Haka da kamfanin Muse Group ya karɓi Audacity a 2021 ya zo da maganar tattara bayanan masu amfani, jama'a suka yi ca, wasu suka ɗauki rubutun suka buɗe reshe mai suna Tenacity, kamfanin ya sassauta. Wa ya isa ya yi wa Adobe haka?

Duk wannan bai kai maganar ajiya muhimmanci ba, kuma ita ce ta fi ci mini rai a matsayina na ma'aikacin rediyo. Mu Hausawan Sudan muna da tarihin murya. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji, wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Daga cikinmu aka sami A'isha Musa Ahmad, wadda duniya ta sani da A'isha Alfallatiya, haifaffiyar Kassala, mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Umdurman a 1942, shekara biyu da buɗe gidan. Ta rasu a 1974, amma muna jin muryarta yau saboda an naɗe ta a abin da na baya suka iya kunnawa. Wannan gidan rediyo da talabijin, da ɗakin ajiyarsa, ya faɗa hannun dakarun RSF tun farkon yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, bai dawo ba sai Maris na 2024. Kusan shekara guda duk mai kishin tarihin ƙasar nan yana kwana da fargabar abin da zai sami waɗannan faya-fayai.

To kai da kake naɗar tsohuwar da ta haddace waƙoƙin daka da na aure irin na mutanenmu, ko dattijon da ke ba da labarin tafiyar ƙasa daga Sakkwato, a wane akwati kake zuba su? Fayil ɗin aikin FL Studio ko na Cubase, manhajarsu ce kaɗai ke buɗe shi yadda ya kamata, wani lokaci ma sai da irin ƙananan manhajojin da aka yi aikin da su. Ranar da fasasshiyar ta ƙi tashi, aikinka na nan a gabanka amma a kulle. Aikin Ardour kuwa rubutu ne a fili da sautuka a WAV cikin jaka guda. Ko Ardour ta ɓace daga duniya, jikanka zai iya buɗe jakar ya ji muryar. Ka adana gamammen aiki a FLAC, wanda ke rage girma ba tare da zubar da komai na sautin ba, ka yi kwafi biyu, ɗaya a wajen gari. Wanda ya ga abin da muka gani ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Saura yadda za a fara. Idan laftof ɗinka na da ƙwaƙwalwar aiki gigabait 8, ɗauki Ubuntu Studio, zubin da ake kula da shi na dogon lokaci. Idan tsoho ne mai gigabait 4, gwada AV Linux, ko Linux Mint mai fuskar Xfce ka ɗora Ardour da Audacity a kai. Ba sai ka goge komai ba a ranar farko. Zuba ta a fulash, tayar da kwamfutar daga fulash ɗin, soka akwatin sautinka da makirufo, ka ji da kunnenka. In ta yi maka, raba faifan gida biyu, Windows a gefe, Linux a gefe, har hannunka ya faɗa. Mai jin tsoro ma yana iya fara sa Audacity da LMMS da Ardour a kan Windows ɗinsa, don duk suna hawa, ya saba da su tukuna. Kuma mutum ɗaya ne zai sauke ta a unguwa, sauran su kwafa. Hara guda a Alsawra fulash guda ya ishe ta.

Masu gyaran kwamfuta na kasuwa, ku ma da ku nake. Ba cinikinku nake son kashewa ba. Wanda ya fara iya sa Linux da saita sauti a cikinta zai sami layin masu jira, kuma kwastomansa ba zai dawo bayan wata biyu yana kukan ƙwayar cuta ta cinye masa aiki ba. Shugabannin ƙungiyoyin matasa da na al'adun Hausa, ku ware yini guda ku tara yara ku koya musu. Tashoshin rediyo masu shirin Hausa, ku fara da kwamfutar tace shiri guda ɗaya ku gani.

Za a sha wuya makon farko, ban ɓoye ba. Maɓallan da hannu ya saba za su canza wuri, wata manhajar da kake ƙauna ba za ka same ta ba. Amma mutanen da suka koyi dafa abinci a takiyya don ciyar da unguwa guda ana ruwan harsashi, ba Ardour ce za ta gagare su ba. Mun rasa gidaje, mun rasa kaya, wasunmu sun rasa 'yan'uwa. Abin da za mu sake ginawa, mu gina shi a kan abin da babu wanda zai aiko daga wata ƙasa ya ce mu mayar. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.